Kofin Kenya da na bayan gidanmu a Mambila: ƙasar ce, sanyin ne, ko hannunmu?

Ɗan Mambila: Assalamu alaikum jama'a. Akwai abin da ya tsaya min a rai tun shekaranjiya, na ce bari in kawo shi nan tunda akwai manoma a cikinmu akwai kuma waɗanda suka karanci ƙasa. Wani abokin aikina ya dawo daga Nairobi ya kawo min tsarabar kofi, 'yar jaka giram 250, ba irin garin nan na gwangwani da ake zuba mana a teburin mai shayi ba, ƙwaya ce soyayya sai ka niƙa da kanka. Na daka a ƙaramin turmi na zuba ruwan zafi na tace, ban sa madara ba ban sa sukari ba don haka ya ce in yi. Wallahi kurɓar farko na ɗauka an ɗiga zoɓo a ciki. Tsami ne amma ba tsamin abin da ya lalace ba, irin mai daɗin nan da ke tsinka yawu, can ƙarshe kuma wani zaƙi-zaƙi ya zauna a maƙogwaro, da ya huce ma sai ya ƙara daɗi. A jikin jakar an rubuta Nyeri, sunan wani yanki na Kenya, an rubuta tsayin gonar mita 1,800, an kuma rubuta wai jar ƙasa ce ta dutse mai aman wuta.

To ga abin da ya dame ni. Mahaifinmu Allah ya jiƙansa ya bar mana itatuwan kofi sun kai 60 a bayan gida can wajen Nguroje. Mu ma a kan tsauni muke, Mambila galibinta ta haura mita 1,500, sanyi kuwa sai wanda ya kwana can da hunturu zai ba da labari, ƙasarmu ja ce, irin ma arabika ne, wato kofin nan mai son sanyi. Amma namu in ka soya ka sha ƙasa-ƙasa yake a baki, wani lokaci har da warin buhu. Me ya raba mu da su? Aman wutar ce ba mu da ita ko yaya?

Mai Goro: Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Baba. Ni dai ban san kofi ba amma na san goro, shekarata 30 a kansa, kuma ko idona a rufe ka miƙo min na san wanda ya fito daga Gwanja da wanda ba can ya fito ba. Labuje na ƙasar Nufe tun zamanin kakanni sarakuna ake kai wa, ai ba a banza ba. Haka albasar Galmi, haka dankalin Bokkos. Ƙasa ce ɗan'uwa, kowace ƙasa da abin da Allah ya zuba mata, in tasu ta fi taku a kofi sai haƙuri.

Malamin Gona: Alhaji Mai Goro maganarka akwai gaskiya a ciki amma bari mu warware ta, don dankalin Bokkos da ka kawo misali ma ya fi goyon bayan sanyi a kan ƙasa. In ka ɗebi ƙasar Bokkos mota guda ka kai Sakkwato ka shuka dankalin da bazara ba zai yi ba.

Ita ƙasar aman wuta abin da take yi wa itace sananne ne. Tokar da dutsen ya fesa in ta shekara ɗaruruwa tana ruɓewa sai ta koma ƙasa mai laushi mara nauyi, ka damƙa a hannu ta wargaje kamar burabusko. Tana riƙe danshi kamar soso amma ruwa ba ya kwanciya a cikinta, shi kuma kofi ba abin da ya tsana kamar saiwarsa ta zauna cikin ruwa. Tana da zurfi, saiwa ta nutsa yadda take so. Kuma sabuwa ce in ka gwada ta da tsohuwar ƙasar da ruwan sama ya shekara miliyoyi yana wankewa, don haka sinadaran da shuka ke ci irin su fotasiyam da maganiziyam da kalsiyam ba su ƙare a cikinta ba. A garin Antiguwa na ƙasar Gwatemala gonakin suna tsakanin duwatsu uku ne, Agua da Acatenango da Fuego, shi Fuegon har yau yana fesa toka tana sauka a gonaki, shi ne ma ya yi mummunan aman nan na watan Yunin 2018 da ya ci rayuka da yawa.

Amma akwai abin da masu rubutu a jikin jaka ba sa faɗa. Wannan ƙasar ta toka tana da halin ƙanƙame fosfaras, ka zuba taki ta riƙe shi ta hana saiwa sha, manoman can suna fama da wannan sosai. Kuma ba wai ɗanɗanon dutse ne ke bi ta saiwa ya shiga ƙwaya ba. Ƙasa tana ba itace lafiya ne, lafiyayyen itace ya cika 'ya'yansa. Zoɓon da ka ji a baki itacen ne ya ƙera shi da kansa.

Mai Goro: To Malam in ba ƙasar ba ce me ya sa duk inda aka ce kofi mai tsada sai ka ji an ambaci dutse mai aman wuta?

Malamin Gona: Saboda a yankin zafi na duniya, inda kofi ke yi, da yawa daga cikin tsaunuka masu tsayi da ke samun ruwan sama aman wuta ce ta gina su. Dutsen Kenya, Kilimanjaro, Elgon, duwatsun Ruwanda da gabashin Kwango, na Amurka ta Tsakiya, na Indunusiya. Sai abu biyu suka haɗu a wuri ɗaya, ƙasar da tsayin, mutane suka ɗora wa ƙasar yabon duka don ta fi daɗin faɗa.

Ga yadda tsayin ke aiki. Duk mita 1,000 da ka hau zafi yana raguwa da kamar digiri 6. Arabika ta fi son wurin da matsakaicin zafinsa ke tsakanin digiri 18 zuwa 21. A irin wannan wurin daga fure zuwa nuna sai ta ɗauki wata 7 zuwa 9, a wuri mai zafi kuwa gaggawa take yi ta nuna kafin ƙwayar ta cika. Kuma da dare in an yi sanyi itacen ba ya ƙone sukarin da ya tara da rana, sai ya tafi cikin 'ya'yan. Shi ya sa ƙwayar kan tsauni take da tauri da nauyi, tsagar tsakiyarta a matse. A Gwatemala ma da tsayi suke raba daraja, mafi daraja sunansa ma yana nufin ƙwaya mai tauri sosai, daga wajen mita 1,350 zuwa sama. Kamar tuwo ne da aka bari ya turara a kan garwashi da wanda aka sauke da wuri, gari ɗaya ne amma baki ya san bambanci.

Ba lallai sai tsayi ba ma, sanyin ake nema. Kofin Kona na tsibirin Hawai gonakinsa yawanci ba su kai mita 900 ba, amma wurin ya yi nisa da layin da ya raba duniya biyu inda zafi ya fi yawa, kuma kusan kullum da rana ta karkata gajimare ke rufe gangaren.

Ɗan Mambila: Malam Allah ya ƙara ilimi. To ai wannan ya ƙara ɗaure min kai, don sanyin muna da shi. Ganyen shayi ma a Kakara ake nomansa, shi ma ɗan sanyi ne.

Malamin Gona: Kuna da shi ƙwarai, har ƙasar ma ba a bar ku a baya ba. Mambila tana jingine da jerin duwatsun aman wutar nan da ya taso daga Dutsen Kamaru ya bi ta Bamenda da Oku, akwai wurare a kanta da baƙin dutsen tsohuwar aman wuta ya rufe, jar ƙasar da ke kansu daga shi ta ruɓo, wasu wuraren kuma tsohon dutse ne kawai. Cibiyar binciken koko ta ƙasa ma tana da reshe a Kusuku inda take aikin shayi da arabika. Don haka ni ba ƙasar nake zargi ba.

Ɗan Fumbot: Salamu alaikum, ina karantawa tun ɗazu daga Kamaru. Mu nan Fumbot ƙasar baƙa ce ƙirin, ga dutsen Mbapit muna kallonsa da tafki a ramin bakinsa, in ka jefa ƙwayar masara da wasa sai ta fito. Iyayenmu sun ga lokacin da kofi ne arzikin yankin nan gaba ɗaya, ƙungiyar manoma ta UCCAO tun 1958 take. Da yarjejeniyar kason kofi ta duniya ta rushe a 1989 farashi ya faɗi warwas, mutane suka dinga sare itatuwa suna sa tumatir da wake da kabeji, yanzu motocin kayan gwari ne ke tashi daga nan zuwa Duwala har Gabon. Ƙasar tana nan yadda take, ba ta canza ba ko kaɗan. Amma kofin da ya rage a wasu gonakin in ka sha ba za ka ce daga wannan ƙasar ya fito ba, don itatuwan sun tsufa ba mai yi musu aski ba mai ba su taki. Sai dai fa ban yarda a ce ƙasa ba ta da hannu a ɗanɗano ba, farin masoron garin Penja na nan Kamaru a ƙasar aman wuta yake fitowa kuma tun 2013 aka yi wa sunansa rajista saboda ba a samun irin ƙamshinsa a wani wuri.

Mai Suyar Kofi: Ni sana'ata kenan, ina saro ɗanyen kofi ina soyawa ina sayar wa gidajen shan kofi, kuma na sha sayen na Mambila. Yaya Ɗan Mambila don Allah ka amsa min tambaya uku tsakaninka da Allah. Yaya kuke tsinka? A ina kuke shanyawa? A wane buhu kuke ajiyewa?

Ɗan Mambila: Tsinka dai yara ne ke yi, su kama reshe su zage shi gaba ɗaya cikin kwando, ja da ruwan ɗorawa da kore duk tare, har wanda ya faɗi ƙasa ana tsincewa. Shanya a tsakar gida ne a ƙasa, wani lokaci a kan leda, in hadari ya taso a tattara a tura ɗaki sai rana ta fito, kin san mu ruwanmu ba ya ɗaukewa da wuri ga hazo da safe. Buhu kuwa wanda aka samu, na taki ko na masara.

Mai Suyar Kofi: To ka ba kanka amsa Yaya. Ƙasa-ƙasan da kake ji a baki ƙasar tsakar gidanku ce ba ta gona ba. Ɗanyen ɗa kore bauri yake kawowa, kamar ka ciji ɗanyen mangwaro. Wanda aka tara da danshi a ɗaki kwana biyu ya fara fumfuna, shi ne warin. Ƙwayar kofi kuma tana zuƙar wari kamar yadda madara ke yi, ka sa ta a buhun taki ta ɗauka.

Bari in gaya maka hanyar da wancan na Nyeri ya bi kafin ya zo hannunka. Manomi ƙarami ne mai itatuwa kamar naka ko ya fi ka kaɗan, yana bi yana tsinkar jajayen kawai ɗaya bayan ɗaya, bayan kwanaki ya sake dawowa kan itacen. Ranar da ya tsinka ranar zai kai masana'antar ƙungiyarsu, a baza a sake tsince marasa kyau kafin a auna. A sa a inji ya ɓare bawon, a bar ƙwayar a kwarami ta kwana yauƙin jikinta ya saki, a wanke da ruwa mai tsabta, da yawa ma sai sun sake jiƙa ta. Sannan a shanya a kan gadaje masu raga da aka ɗaga sama da ƙasa iska na bi ta ƙarƙashi, mata na juyawa suna cire masu tabo da hannu, in rana ta yi tsanani ko ruwa ya zo a rufe, har danshin ya sauko kashi 10 zuwa 12 cikin ɗari. Ka tuna sai an tsinki kilo 5 zuwa 6 na nunannun 'ya'ya kafin a samu kilo 1 na ƙwaya. Bayan nan masu ɗanɗano su ba shi maki, sai ya kai 80 cikin 100 ake kiransa kofi na musamman.

Na taɓa samun rabin buhu daga wani dattijo a Mambila da ya bi irin wannan hanyar da ɗan injin hannu. Wallahi da na soya shi sama-sama ƙamshin zuma da lemo ne ya cika shagon, na kira maigidana na ce zo ka ji abin da ke ƙasarmu. Tun daga ranar na daina yarda cewa matsalar ƙasa ce.

Ɗan Mambila: Hajiya kin taɓo inda yake min ciwo. Baba yana yin wannan tsincen, ina tuna shi zaune a kan buzu da faifai a cinya bayan la'asar yana ware baƙaƙe da waɗanda ƙwaro ya huda yana zubawa a gwangwani daban. Wata shekara mai saye ya zo, Baba ya nuna masa buhu biyun da ya tsince, mutumin ko buɗewa bai yi ba ya ɗora a sikeli ya biya kuɗi ɗaya da na maƙwabcinmu da bai tsince komai ba, a gabanmu ya juye su wuri guda. Daga wannan shekarar Baba bai ƙara zama da faifan nan ba. Ba lalaci ne ya sa mutanenmu suke zage reshe ba, ba wanda ya taɓa biyan su ladan wahalar.

Mai Goro: Wannan kam zalunci ne. Mu a goro ko yaro ya san ba a haɗa manya da ƙanana a kuɗi ɗaya.

Malamin Gona: Akwai kuma na huɗu da ba mu taɓo ba, iri. Wancan tsamin na Kenya da ake kwatantawa da 'ya'yan itace, kaso mai yawa na yabon irin da ake kira SL28 da SL34 ne, waɗanda aka zaɓo a ɗakin binciken Scott da ke Kenya a shekarun 1930. Babban misali ma shi ne irin da ake kira Gesha. Daga dajin kudu maso yammacin Habasha aka ɗebo shi a shekarun 1930, ya bi ta gabashin Afirka ya isa Kosta Rika a 1953, aka kai shi Panama a shekarun 1960 saboda yana jure cutar tsatsar ganye. Ya shekara kusan 40 a can ba wanda ya damu da shi ana haɗa shi da sauran. Sai a 2004 gonar Esmeralda da ke Boquete a gindin dutsen Baru ta ware na wani yanki mai tsayi daban ta kai gasa, alƙalai suka ji ƙamshin fure, aka saye shi dala 21 kowane laba, wato kusan rabin kilo, abin da ba a saba gani ba a lokacin. Ƙasar nan ta aman wuta tana wurin duk tsawon shekarun, tsayin ma yana nan, irin ma yana nan. Warewar ce ba a yi ba.

Hajiyar Gadarif: Sannunku 'yan'uwa, daga Sudan nake. Mu nan jabana, wato kofinmu na gargajiya, ba ta yanke mana safe da yamma, ɗanyen bun, wato ƙwayar kofi, na Habasha muke saya mu soya a kasko a kan gawayi har ya yi baƙi yana maiƙo, a zagaya da hayaƙin kowa ya shaƙa, a daka da citta a dafa a 'yar tukunyar ƙasa a sha da sukari a ƙananan finjali. Tambayata ga ƙanwata mai suya, duk wannan zancen dutse da sanyi, a irin tamu suyar yana saura kuwa?

Mai Suyar Kofi: Gaskiya Hajiya kaɗan ne ke saura. In ƙwaya ta yi baƙi har mai ya fito, tsamin da ƙamshin furen wuta ta cinye su, abin da ake ji ɗacin suya ne da garɗi, citta kuma ta rufe sauran. Ba aibi ba ne, wannan shan daban wancan daban, ni ma ina son jabana. Amma ko a haka lalatacciyar ƙwaya ba ta ɓuya, in akwai mai fumfuna za ki ji ta.

Hajiyar Gadarif: Wannan haka yake, shi ya sa kafin mu soya sai mun wanke mun tsince. Kakata in ta ga baƙar ƙwaya ɗaya a kasko sai ta sa an sauke an cire.

Mai Shayi: Ni fa ina ganin kuna maganar masu kuɗi ne. Kwastomana Nescafe yake so da madara da sukari cokali uku ya kama hanyar aiki, in na ba shi kofi mai tsami cewa zai yi ya lalace. Wa zai saya a nan?

Mai Suyar Kofi: Ba kwastomanka ake nema ba Malam, na gwangwani yawanci robusta ne, wani irin kofi na ƙasa mai zafi, ya ninka arabika kafeyin, sinadarin da ke hana barci, kusan sau biyu, aikinsa daban. Amma ni da kaina ina biyan kuɗin jirgi a kawo min na Habasha da Ruwanda saboda masu nema suna nan a Abuja da Legas har Kano. In na samu mai tsabta daga Taraba me zai kai ni waje?

Ɗan Fumbot: Kuma a Habasha kusan rabin abin da suke nomawa su suke shanye kayansu, shi ya sa manominsu ya san ɗanɗanon abin da yake sayarwa. Mu da yawa a nan manomin kofi bai taɓa kurɓar na gonarsa ba.

Mai Goro: Na ji bayananku kuma na ƙaru, amma ni har yanzu ina kan bakata cewa in aka yi komai daidai a Nyeri aka yi komai daidai a Nguroje ba za su zo ɗaya a baki ba, kuma bambancin daga ƙasa zai fito.

Malamin Gona: Ba za su zo ɗaya ba Alhaji, a nan ban ja da kai ba, sai dai ƙasar da yanayin ruwan sama da inuwa da iri duk suna ciki. Na Mambila zai fito da nasa ɗanɗanon ne, kuma kafin a san ko wane iri ne sai an daina shanya shi a turɓaya. Ɗan Mambila in ka je gida ka duba min abu biyu, ƙarƙashin ganyen ko akwai ɗigo-ɗigon hoda ruwan lemo, wannan ita ce tsatsar da ta gama da kofin Silon, wato Sri Lanka ta yanzu, bayan 1869, sannan ko itatuwan sun yi tsayi sun zama sanda ganye sai a kai. In haka ne wasu sai an datse su daga gindi kamar tsayin gwiwa su sake tohowa, amma kar ka datse duka a shekara ɗaya.

Ɗan Mambila: Sun zama sanda kam Malam, rabon da a sa musu almakashi tun Baba na da rai. In Allah ya kai mu ƙarshen damina zan ɗauki hutu in je da kaina. Zan ware itace 10 mafi lafiya, ni da ƙannena mu tsinki jajaye kaɗai, in sa kafinta ya buga min gado ɗaya mai raga a ƙarƙashin rumfa. Injin ɓarewa ne ba ni da shi.

Mai Suyar Kofi: Ba sai da inji ba a karon farko. Ka zuba su a bokitin ruwa, duk wanda ya taso sama ka kwashe ka ware, sauran ka baza da bawonsu a kan ragar, kar kaurin ya wuce 'ya'ya biyu a kan juna, a dinga juyawa sau da yawa a yini, da yamma a rufe saboda raɓa. Zai iya cin sati 3 ko fiye a irin sanyinku, sai ka girgiza ɗaya a kunne ka ji ƙwayar na ƙara a ciki. Ka sa a sabon buhu da bai taɓa ɗaukar komai ba, kar a jingina shi da bango ko kusa da kicin. Ko kilo 2 ne ka aiko min ta mota, zan soya in ɗanɗana in gaya maka gaskiyar abin da na ji, in ya yi kuma mu yi ciniki a kan kuɗin da ya dace da shi.

Ɗan Mambila: Na gode Hajiya, Allah ya saka da alheri. Ragar wace iri zan saya, ta taga ta sauro za ta yi ko sai ta waya?

Mai Suyar Kofi: Ta waya a ƙasa don ta ɗauki nauyi, ta roba a samanta don kar tsatsa ta taɓa 'ya'yan. Tsayin gadon ya kai ƙugunka.